RIKICIN JIRGIN "TRENT" NA 1861: YADDA KAMUN JAKADU BIYU YA KUSA HAƊA AMURKA DA INGILA YAƘI

Gabatarwa

Ran 8 ga watan Nuwamba na shekarar 1861, da tsakar rana, wani jirgin yaƙi na Amurka ya tare wani jirgin fasinja na Ingila mai suna Trent a mashigin teku da ke arewa da tsibirin Kyuba, aka fitar da mutum huɗu daga cikinsa da ƙarfin tsiya. Ba a kashe kowa ba, ba a nutsar da jirgi ba, kuma abin duka bai wuce 'yan sa'o'i ba. Duk da haka, cikin makonni bakwai da suka biyo baya sai da Ingila ta ɗauri ɗamarar yaƙi, ta aika da dubban sojoji Kanada, ta kuma umarci jakadanta ya shirya barin Washinton. Wannan lacca za ta bi diddigin al'amarin, domin a ga abin da ya haddasa shi da abin da ya kashe wutarsa. Abin da za a nuna shi ne, yaƙin bai auku ba saboda waɗanda suka rubuta takardun ƙasashen biyu sun bar wa juna hanyar ja da baya ba tare da jin kunya ba.

Tushen Al'amarin

A watan Afrilu na 1861 yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka. Jihohi 11 na Kudu, waɗanda arzikinsu ya dogara kan noman auduga da aikin bayi, suka ɓalle daga Tarayya, suka kafa gwamnatinsu a ƙarƙashin Jefferson Davis. Shugaba Abraham Lincoln ya ce wannan tawaye ne na cikin gida, kuma ran 19 ga Afrilu ya ba da sanarwar datse tashoshin jiragen ruwa na Kudu. Ran 13 ga Mayu Sarauniya Biktoriya ta ba da sanarwar cewa Ingila 'yar ba-ruwanmu ce. Wannan sanarwa ta ɓata wa mutanen Arewa rai ƙwarai, domin ta ɗauki 'yan Kudu a matsayin ɓangare mai yaƙi, ko da yake ba ta amince da su a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta ba.

Wannan amincewa ita ce babban burin 'yan Kudu. Sun san cewa masaƙun Ingila, musamman na lardin Lankasha, mafi yawan audugarsu daga gonakin Kudu take zuwa, don haka suka yi zaton yunwar auduga za ta tilasta wa Ingila da Faransa su shiga tsakani. Saboda haka Davis ya naɗa wakilai biyu su je Turai. James Mason, mutumin Bajiniya, za shi Landan. John Slidell na Luwiziyana kuwa za shi Faris. Dukansu tsofaffin 'yan Majalisar Dattijai ne, kuma Arewa ta san su sarai. Mason shi ne ya tsara dokar nan ta 1850 ta kamo bayin da suka gudu, saboda haka ƙalilan ne daga cikin 'yan Kudu aka tsana kamarsa a Boston.

Ran 12 ga Oktoba da dare, wakilan biyu tare da magatakardansu da iyalan waɗansu daga cikinsu suka sulale daga tashar Charleston cikin wani ƙaramin jirgi mai sauri, suka tsere wa jiragen Arewa, suka isa Kyuba, wadda a lokacin tana hannun Sifen. A Habana suka sayi tikiti a fili, ran 7 ga Nuwamba suka shiga Trent, jirgin ɗaukar wasiƙu, wanda zai kai su tsibirin St. Thomas, inda za su canza jirgi zuwa Ingila. Wannan batu yana da muhimmanci ta fuskar shari'a: jirgin na ƙasa 'yar ba-ruwanmu ne, ya tashi daga tashar 'yan ba-ruwanmu, kuma tashar 'yan ba-ruwanmu ya nufa.

Kyaftin Wilkes da Hujjarsa

Mutumin da ya tare su shi ne Kyaftin Charles Wilkes, kwamandan jirgin yaƙi San Jacinto, wanda ke kan hanyarsa ta komawa gida daga gaɓar Afirka ta Yamma, inda jirgin ya yi aikin sintirin hana fataucin bayi. Wilkes ya yi suna tun sa'ad da ya shugabanci ayarin binciken tekuna na Amurka daga 1838 zuwa 1842, kuma an san shi da taurin kai da yin gaban kansa. Da ya tsaya a Kyuba ya sami labarin wakilan, sai ya shiga ɗakinsa ya buɗe littattafan dokokin ƙasa da ƙasa, yana neman abin da zai kafa hujja da shi.

Abin da dokar teku ta zamanin ta tanada a fili yake. Ƙasa mai yaƙi tana da ikon tsayar da jirgin 'yan ba-ruwanmu ta bincike shi. In ta sami kayan da aka haramta kai wa abokan gaba, kamar makamai ko takardun yaƙi, sai ta kama jirgin ɗungurungum, ta kai shi tasharta, a gurfanar da shi gaban kotun ganima, alƙali ya yanke hukunci. Amma littattafan ba su ce kome ba a kan wakilan da ke tafiya tsakanin tashoshin 'yan ba-ruwanmu. Sai Wilkes ya ƙago tasa fatawa: tun da ana iya kama takardun abokan gaba, wakilan nan kuwa saƙon yana cikin kawunansu, to su kansu takardu ne masu rai, ana iya kama su. Mataimakinsa, Laftanan Donald Fairfax, ya gargaɗe shi cewa wannan zai iya jawo yaƙi da Ingila, amma bai saurara ba.

Da Trent ya shigo mashigin Bahama, San Jacinto ya harba igwa sau biyu ta gaban goshinsa, ya tsaya. Fairfax ya hau da sojoji. Kyaftin James Moir na Trent ya ƙi ba da jerin sunayen fasinja, ya kuma ƙi yarda a bincike jirginsa. Mason da Slidell suka fito da kansu, suka ce ba za su sauka ba sai da ƙarfi, aka kama su da magatakardansu biyu aka tsallakar da su. Takardun da suka ɗauko kuwa ba a same su ba, domin an riga an ba jami'in wasiƙu na jirgin ya ɓoye, kuma daga baya sun isa Ingila lafiya. Fairfax ya shawo kan Wilkes kada ya kama jirgin, saboda ƙarancin matuƙa da wahalar da za a jawo wa fasinja. Aka sallami Trent ya ci gaba da tafiyarsa. Wannan sassauci, wanda aka yi da kyakkyawar niyya, shi ne ya zama babbar ɓarakar shari'a, domin da shi Wilkes ya mai da kansa ɗan sanda da alƙali a lokaci guda.

Murna a Boston, Fushi a Landan

Labarin ya iso Amurka a tsakiyar watan Nuwamba, aka tsare fursunonin a kurkukun soja na Fort Warren da ke bakin tashar Boston. A lokacin mutanen Arewa suna cikin baƙin cikin kashin da suka sha a Bull Run a watan Yuli, suna ƙishirwar kowace irin nasara. Aka shirya wa Wilkes liyafa a Boston, Ministan Sojan Ruwa Gideon Welles ya rubuta masa takardar yabo, kuma ran 2 ga Disamba Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin yi masa godiya. Lincoln da Ministan Harkokin Waje William Seward dai ba su ce uffan a fili ba, kuma wannan shiru ya yi musu rana daga baya.

A Landan labarin bai iso ba sai ran 27 ga Nuwamba. Jaridu suka ɗauka cewa an ci mutuncin tutar Ingila da gangan. Wannan zato yana da dalili, domin an daɗe ana ɗaukar Seward a matsayin mai neman rigima da Ingila don ya sami farin jini a gida, har waɗansu na ganin yana da ido a kan Kanada. Firayim Minista Lord Palmerston da Ministan Waje Lord Russell suka nemi shawarar lauyoyin Gwamnati, su kuwa suka ce fitar da mutane daga jirgi ba tare da hukuncin kotun ganima ba ya saɓa wa doka. Majalisar Ministoci ta yanke shawarar neman a saki mutanen huɗu a kuma ba da haƙuri, cikin kwana bakwai daga ranar miƙa takarda. In ba haka ba, jakadan Ingila Lord Lyons ya rufe ofis ya dawo gida.

Ba a tsaya ga takarda ba. Aka hana fitar da makamai da sinadarin haɗa albarushi, wanda Amurka ke saye ta hannun Ingila daga Indiya, kuma a daidai lokacin wakilinta ya riga ya sayi mai yawa yana jiran lodi. Aka shirya sojoji kimanin 11,000 zuwa Kanada, waɗansu daga cikinsu sai da suka ratsa ƙanƙara ta tudu saboda kogin St. Lawrence ya daskare. Aka kuma faɗakar da rundunar jiragen ruwan Ingila da ke yammacin Atlantika. Da an gwabza, abu na farko da zai faɗi shi ne datsewar da Arewa ta yi wa tashoshin Kudu, kuma da ita ne Arewa ke fatan shaƙe tawayen.

Reshe ya Juye da Mujiya

Abin mamaki a wannan rikici shi ne kowace ƙasa ta tsinci kanta tana kare matsayin da ta yi shekaru tana yaƙa. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, Ingila ce take tsayar da jiragen Amurka a teku, tana fitar da matuƙan da ta ce talakawanta ne, tana sa su aikin soja dole, ba kotu ba alƙali. A 1807 jirgin yaƙinta Leopard ya buɗe wa jirgin Amurka Chesapeake wuta, ya ɗauke mutum huɗu. Wannan ɗabi'a tana cikin manyan dalilan da suka sa Amurka ta shelanta yaƙi a kan Ingila a 1812. Tun daga lokacin Amurka take da'awar cewa tutar 'yan ba-ruwanmu kariya ce ga wanda ke ƙarƙashinta. Ga shi yanzu jami'inta ya aikata abin da ta yi ta kuka da shi, Ingila kuma ta ari bakin Amurka tana magana.

Waɗanda suka san tarihi a Washinton sun ga wannan tun da wuri. Charles Sumner, shugaban kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattijai, ya gaya wa Lincoln cewa dole a saki mutanen. Sauran ƙasashen Turai ma, waɗanda suka daɗe suna fama da danniyar Ingila a teku, a wannan karo sun goyi bayanta. Ministan Wajen Faransa, Thouvenel, ya rubuta cewa kamun ya saɓa wa ƙa'idojin da Amurka da Faransa suka daɗe suna karewa tare. Ostiriya da Furusha suka bi sahu. Ta haka Seward ya gane cewa in aka yi yaƙi, Amurka ba ta da aboki ko ɗaya.

Gyaran Alƙalami

A nan ne aikin rubutu ya shigo. Ran 30 ga Nuwamba aka aika da daftarin takardar Russell fadar Windsor domin Sarauniya ta gani. Daftarin gajere ne, mai kaushi, babu wata kafa a cikinsa. Mijin Sarauniya, Yarima Albert, yana fama da ciwon da ya zama ajalinsa, amma da asubahin 1 ga Disamba ya tashi ya rubuta shawarar gyara. Ya ce a saka a ciki cewa Gwamnatin Ingila tana fatan kyaftin ɗin bai yi aiki da umarni ba, ko kuwa bai fahimci umarnin da aka ba shi ba, kuma ba ta son ta gaskata cewa Amurka za ta nemi cin mutuncinta da gangan. Ministoci suka karɓi gyaran. Wannan ita ce takardar hukuma ta ƙarshe da Albert ya rubuta. Ya rasu ran 14 ga Disamba.

Ya kamata a lura cewa gyaran bai rage kome daga buƙatun Ingila ba. Har yanzu ana neman sakin mutanen da ba da haƙuri. Abin da ya canza shi ne an ɗauke laifin daga kan gwamnati an aza shi kan jami'i ɗaya, watau an nuna wa Lincoln ƙofar da zai fita. Ƙofar kuwa ta gaskiya ce, domin Wilkes hakika ba shi da umarni, kuma tun ran 30 ga Nuwamba Seward ya rubuta wa jakadan Amurka a Landan, Charles Francis Adams, yana shaida masa haka.

Russell ya ƙara da wata wasiƙa ta sirri ga Lyons, ya ce ya fara zuwa wurin Seward ba tare da takardar ba, ya shirya masa zuciya. Lyons ya bi wannan da basira. Saƙon ya iso masa ran 18 ga Disamba, washegari ya gana da Seward ya gaya masa abin da ke ciki, har ya ba shi kwafi a asirce, amma bai miƙa takardar a hukumance ba sai ran 23. Ta haka wa'adin kwana bakwai ya zama kwana goma sha ɗaya ko fiye.

Nisa ma ya taimaka. Wayar tangaraho da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1858 ta lalace bayan 'yan makonni, ba a kuwa sami mai aiki ba sai 1866. Kowane saƙo sai ya yi kusan mako biyu a jirgi. Lokacin da fushin Landan ya iso Washinton, murnar Boston ta riga ta lafa, 'yan kasuwa sun fara lissafin hasara, farashin takardun bashin gwamnati yana faɗuwa. Da a ce maganganun ranar farko na ɓangarorin biyu sun haɗu a rana guda, da wuya wani ya iya janye tasa.

Shawarar Ranar Kirsimati

Majalisar Ministocin Lincoln ta zauna ran 25 da 26 ga Disamba. Sumner ya halarta, ya karanta wasiƙun John Bright da Richard Cobden, 'yan siyasar Ingila masoya Arewa, waɗanda suka tabbatar cewa Ingila da gaske take. Ana cikin zaman aka kawo takardar Faransa. Lincoln ya so a miƙa batun ga mai sulhu, amma takardar Ingila ba ta bar wannan dama ba. Ana danganta masa cewa ya ce yaƙi ɗaya ya isa a lokaci ɗaya, abin da Bahaushe zai ce taura biyu ba ta taunuwa. A ƙarshe duka suka amince da daftarin Seward, waɗansu da ɗacin rai.

Amsar Seward doguwa ce, kuma an rubuta ta domin masu karatu iri biyu. Ga mutanen gida, ya ce Wilkes yana da ikon tsayar da jirgin da bincikensa, kuma wakilan suna cikin abubuwan da aka haramta ɗauka. Kuskurensa kawai shi ne da bai kai jirgin kotu ba. Ga Ingila, ya ce kyaftin ɗin ya yi gaban kansa ne, kuma za a saki mutanen da farin ciki. Sa'an nan ya jawo umarnin da James Madison ya ba jakadan Amurka a Landan a 1804, ya ce da wannan saki Amurka tana kare tsohuwar aƙidarta ne, wadda Ingila ta zo ta karɓa yanzu. Kalmar ba da haƙuri ba ta fito a takardar ba. Lyons ya ga an ba shi abin da ya fi muhimmanci, ya karɓa, Landan ma ta ɗauki bayanin a madadin haƙurin.

Ran 1 ga Janairu, 1862, aka fitar da fursunonin ba tare da hayaniya ba, aka sa su a jirgin yaƙin Ingila Rinaldo a Provincetown. Labarin ya isa Landan ran 8 ga Janairu. Daga baya a cikin watan Russell ya rubuta cewa Ingila ba ta yarda da hujjar Seward ta cewa wakilai haramtattun kaya ne ba, amma ba wanda ya so a sake tono maganar.

Abin da ya Biyo Baya

Wakilan sun isa Ingila a ƙarshen Janairu, amma sun fi amfani ga Kudu suna tsare da suna sake. Gwamnatin Ingila ba ta taɓa karɓar Mason a matsayin jakada ba, har ya rufe aikinsa a Landan a 1863. Slidell ya sami ganin Sarki Napoleon na Uku, amma Faransa ba ta yarda ta yi gaba ita kaɗai ba. Har yaƙin ya ƙare a 1865 babu ƙasar da ta amince da gwamnatin Kudu. Rigimar da ta rage tsakanin Amurka da Ingila, ta ɓarnar da jirgin Alabama da makamantansa suka yi, an kai ta gaban masu sulhu a Janeba, inda a 1872 aka yanke wa Ingila biyan dala miliyan 15.5.

Tambayar shari'ar kanta ba ta mutu ba. A 1912, lokacin yaƙin Italiya da Turkiyya, Italiya ta tare jirgin Faransa Manouba saboda Turkawa 29 da ke cikinsa, sai da aka kai ƙara kotun sulhu ta Hague. A watan Janairu na 1940 kuma jirgin yaƙin Ingila Liverpool ya tsayar da jirgin Japan Asama Maru, ya fitar da Jamusawa 21. Japan ta yi irin kukan da Ingila ta yi a 1861, aka sasanta da mayar da tara daga cikinsu.

Kammalawa

Darussa uku ne suka fito daga wannan tarihi, kuma sun shafi duk mai riƙe da aikin hukuma. Na farko, jami'i ɗaya da ya yi gaban kansa yana iya jefa ƙasarsa cikin abin da shugabanninta ba su zaɓa ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma fitowa sai an sha wuya. Na biyu, hujjar da ƙasa ta kafa yau tana nan tana jiranta ranar da matsayi ya juya, kamar yadda Amurka da Ingila suka gani, kowace a nata lokaci. Na uku, kuma mafi girma, takardar da ke neman haƙƙi tana iya zama mai ƙarfi ba tare da ta toshe wa wanda aka aika wa hanya ba. Ingila ta sami mutanenta huɗu, Amurka ta tsira da mutuncinta da datsewarta, kuma abin da ya tsaya tsakaninsu da yaƙi bai wuce 'yan layuka da wani majinyaci ya gyara da asuba ba, da kwana huɗu da wani jakada ya riƙe takarda a aljihunsa.